Lotsawar da kan Inna ya yi wa bonet

Duk wanda ya ba da labarin hatsarin Innarmu a unguwarmu ta Damba, a karkace yake ba da shi. Cewa suke mai motar gudun mutuwa yake yi, motar kuma gwangwani ce, shi ya sa ta lotse. Ni ina wurin, a gaban idona aka yi, kuma ko zan manta komai a duniya ban da wannan rana.

Suna muka je Tsafe, na jikar ƙanwar Inna. Da hantsi muka sauka kusa da tasha, Inna riƙe da kwanon waina, ni ina bayanta ina faɗa da mai babur kan ya kusa taka ni. Ban ga tsallakawarta ba. Ƙarar birki na ji, na waiwaya, sai ga Inna a kan wata ƙaramar mota, ta zamo ta faɗo gefen titi. Inda kanta ya bugu a bonet ya lotsa ya yi rami, kamar an danna ƙwarya a cikin kwaɓin fulawa.

Mutane ba su ma dubi Inna sosai ba, ramin suka duba, suka hau salati. Wata mai tallan gyaɗa ta ja mayafin Inna ta rufe mata fuska. Ni kuwa na tsaya kamar an dasa ni, na kasa kuka na kasa zama. Daga ƙarƙashin mayafin ne muka ji murya.

"Ina kwanon? Ba nawa ba ne, aro na yi."

Mai motar, wani dattijon ma'aikaci, ya ɗauke mu zuwa asibiti a Gusau. Yana ta rantsuwa cewa ya rage gudu saboda cunkoson tasha. Na ce masa ya yi mana shiru ya kalli hanya. Da yayana ya iso, shi direba ne mai lodin Gusau zuwa Bunguɗu, sai da ya zagaya motar ya shafa ramin kafin ya shiga wurin Inna. Ya ce duk ƙarfen da ya lotse haka, ƙashin kai ba zai kai labari ba, mu dai mu yi ta addu'a. Na yarda da shi, don ni ma hakan na gani.

A ɗakin da ake karɓar masu hatsari, gadon da ke kusa da na Inna wani tsoho ne manomi daga Karakkai. A-kori-kura ce ta buge shi a Bunguɗu tana karya kwana, a hankali, irin mai ƙaton ƙarfen nan da ake waldawa a gaba. Ɗansa ya ce motar ko ƙwarzane ba ta yi ba, Baba ma da ƙafarsa ya shiga motar da ta kawo shi. Ba jini, sai ɗan kumburi a bayan kunne. Inna kuwa fuska ta haye, ɗankwali ya jiƙe da jini. Matar tsohon har ta taso ta dafa ni, ta ce in yi haƙuri ɗiyata, su nasu da sauƙi, Allah shi tashi kafaɗun tawa.

Washegari bayan azahar tsohon ya rasu. A lokacin Inna na zaune tana kurɓar kunu tana mitar ba a sa tsamiya sosai ba.

Kaina ya kulle. Wadda motar da ta buge ta ta lotse tana shan kunu, wanda motar da ta buge shi ba ta ƙwarzane ba ana naɗe shi a likkafani. Na rasa ko murna zan yi ko tsoro, don gani nake tunda shi mai ɗan kumburi ya tafi, Inna ma jira kawai take. Duk ta lumshe ido sai in girgiza ta, har ta ce in na ƙara za ta mare ni.

Da likitar ta zo zagaye na tare ta a bakin ƙofa ba ko gaisuwa. Na ce ta faɗa min gaskiya, yaushe Inna za ta bi shi. Ta kalle ni ta ce hoton kan Inna ya fito lafiya, ba jinin da ya taru a ciki. Na ce ai ba ta ga motar ba. Ta ce da ta ga ramin ma da hankalinta ya fi kwanciya.

"In dole sai kin gwara kanki, da katifa da turmi wanne za ki zaɓa? Bugun da bonet ya shanye ya lotse, shi ne bai shiga kan mahaifiyarki ba."

Ta ce da gangan ake ƙera motoci da yawa haka yanzu, a bar sarari tsakanin bonet da inji, gaban ya zama mai saurin lotsewa, don a wasu ƙasashe doka ta tilasta a yi tunanin mai tafiya a ƙasa. Ƙarfen walda kuwa ba ya lotsewa, sai dai kai ya lotse. Ta ƙara da cewa gudu ma na kisa ko da wace mota ce, kada in je ina cewa bonet magani ne.

Na fito harabar asibiti ina juya maganar, sai idona ya faɗa kan motar Yaya. Ga ƙarfen nan a gabanta, baƙi, mai kaurin dantse. Tun da ya bugi saniya wajen Kwatarkwashi lagireto, tankin ruwan inji, ya fashe ya sa aka walda masa, kuma duk abokan lodinsa a tasha sun yi, wasu har da fenti da ado. Kullum ina shiga motar, ban taɓa kallonsa da kyau ba sai ranar.

Na faɗa masa abin da likita ta ce. Ya ce ajali ne, tsohon kwanansa ya ƙare. Na ce na yarda, amma shi me ya sa bai bar wa ajalin lagiretonsa ba, ya je ya yi masa sulke. Ya ce bakina ya fi ƙarfin shekaruna, in shanu suka keto hanya ni zan gyara masa motar?

Ranar da aka sallami Inna Yaya ya kawo motar bakin ƙofa. Na riƙe hannunta na ce ba za ta shiga ba. Muna cikin cacar baki Inna ta lallaɓa ta tsaya a gaban motar. Ita gajera ce, ƙarfen ya zo mata daidai ƙirji. Ta sa hannu ta ƙwanƙwasa shi, ta ƙwanƙwasa goshinta mai bandeji.

"Da wagga ce ta same ni a Tsafe, yau da kana karɓar gaisuwa."

A satin Yaya ya sa aka yanke ƙarfen, ya jingine shi a zaure, kaji suka riƙa hawa kansa.

Abin da na koya shi ne mun iya kare mota, ba mu iya tuna wanda zai tsaya a gabanta ba. Har yanzu akwai abin da ban gane ba, don shanun na nan suna keto hanya, kuma ban da amsar da zan ba Yaya a kansu. Amma watan jiya ya sauya mota, jiya kuma na ga ya ja ƙarfen nan daga zaure yana goge tsatsa. Gobe da safe zai kai wa mai walda. Na riga na gaya wa Inna ta shirya mayafinta, tare za mu riga shi isa can.