Malama Yauwa da Alewar Hedimasta

Yaran aji biyu ne suka raɗa mata Malama Yauwa, sunan ya bi ta har gida. Siririya ce mai ƙaramar murya, Allah ya jiƙan ta, ba ta taɓa riƙe bulala ba. In yaro ya hau benci yana tsalle, sai ta yi kamar ba ta gan shi ba. Da zarar ya gaji ya zauna, ta dafa kansa ta ce, "Yauwa." Wani lokacin ta haɗa masa da alewa ɗaya. In zaman ya kama jikinsa, ta janye alewar a hankali, ta bar shi da yabo.

Ajin nan shi ne ranta. Mijinta kan tsokane ta, "Ni ma na zauna lafiya tun ɗazu, ina tawa?"

Wata rana hedimasta ya leƙa ta taga, ya ga shiru, ya ga alewa. Bai tambaye ta komai ba. Ya sayo kwali guda ya raba wa malamai, ya ce duk yaron da ya dame su a ba shi ya yi shiru.

Ta same shi a ofis. "Ranka ya daɗe, wanda ya zauna ake ba wa. In aka ba mai ihu, ihun aka koya masa."

"Malama, alewa dai alewa ce," ya ce, yana neman murfin bironsa.

Yara ba su da wauta. Kafin a ankara, makaranta ta kaure da kururuwa, har masu kunya suka koyi birgima a ƙasa. Iyaye suka zo da faɗa. A taron malamai hedimasta ya ce tsarin Malama ne ya lalata yaran, wani kuma daga baya ya ce, "A buɗe mata shago mana." Aka yi dariya. Aka karɓe ajinta, aka miƙa mata makullin sito, inda ake jibge karyayyun bencina.

Bango ɗaya ne tsakanin siton da aji biyu. Tana jin saukar bulala, tana gane kukan kowane yaro da sunansa. Ta roƙi a mayar da ita, aka ce sai sabon zango. Ciwon ƙirji ya kwantar da ita kafin hutu, ba ta tashi ba.

Hedimasta ya zo gaisuwa, ya ce baiwar Allah ce mai haƙuri. Kafin ya tafi ya tambayi mijinta inda ta ajiye makullin.