Kamaruddeen, Wanda Ya Dawo wa Inna da Muryar Malam

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Laraba, tara ga Sha'aban, ina fitowa daga aji aka sanar da ni cewa Kamaruddeen mai gyaran rediyo na Dawakin Tofa ya rasu bayan jinyar kwana shida. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa.

Kamaruddeen, da yawa za su tuna ka da lasifikokin masallatan ƙauyukanmu da ka yi ta gyarawa. Ni da abu guda nake tuna ka.

Mahaifinmu, Malam Mika'ilu, mutum ne mai kaurin murya, ya kuma bar kaset-kaset na karatun da yake bayarwa a zaure. Bayan rasuwarsa, mahaifiyarmu Inna Hure, wadda jinta ya fara raguwa, ba ta da burin da ya wuce ta sake jin muryar nan yadda ta san ta. Ƙananan sifikun rediyonmu biyu kuwa sirantar da ita suke yi. Ni da iyayina na ɗan boko, na shiga birni na sayo wufa, babban akwatin nan mai fitar da kaurin sauti, na cusa shi a kusurwar ɗakinta, na murɗe shi har ƙarshe. Kwanukan jerenta suka ɗauki rawa, kajin tsakar gida suka watse. Inna ta ɗan saurara, ta ce, "Ja'afaru, kashe. Wannan ba Malam ba ne." Na ji kunya, na kuma ji tsoro kada kunnen ya tafi gaba ɗaya ba ta ji shi ba.

Da ka zo ba ka yi mini dariya ba, sai daga baya. Abin da ka fara tambaya shi ne inda Inna take zama. Ni duk gwajina a tsaye na yi shi daga bakin ƙofa. Kai ka tuɓe takalmi ka zauna a kan tabarmarta, a gindin gado. Ka sa na janyo akwatin daga kusurwa kaɗan-kaɗan, ka rage ƙarfinsa har na zaci ka kashe shi. Ka juya wayoyinsa biyu, ka ce shi da ƙananan ture juna suke yi maimakon su tafi tare.

"Malam Ja'afaru," ka ce, "aikinsa ya karɓa daga inda ƙananan suka gaza. In har kana jin inda yake, bai zauna ba."

Sannan ka kunna. Malam ya yi gyaran murya, ya yi sallama. Inna ta jawo mayafi ta rufe kai, ta amsa masa. Kai kuwa ka sulale waje, ko furar da ta dama maka ba ka tsaya sha ba.

Shekara biyu ta yi tana sauraronsa kowane hantsi, kafin kunnen ya rufe. Jiya sai da na kai baki kunnenta na faɗa mata rasuwarka. Ta ce kada kowa ya gusar da akwatin daga inda ka ajiye shi, ko da ba ta ji.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka, Khairiyya, da 'ya'yanku. Allah Ya ba su haƙuri, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka. Yadda ka jiyar da tsohuwa sallamar mijinta, Allah Ya jiyar da kai sallamar 'yan Aljanna. Amin.