Kofin Ruwan Sista Riƙe-Min

Kafin masu shara su gama goge baranda, ma'aikaciyar jinyar nan ta riga ta iso sashen masu taɓin hankali, ta rataye jakarta a bayan ƙofa, ta cika kofi da ruwa har baki. Ba sha za ta yi ba. Duk majinyacin da ya zo allurarsa ta wata-wata sai ta miƙa masa kofin ta ce, "Riƙe min in nemo tabarau." Tabarau ɗin kuwa yana kan hancinta. Shi ya sa muke kiranta Sista Riƙe-Min, kuma a ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Maganin da ake ba masu ciwon jin muryoyi, wanda likitoci ke kira sikizofiriniya, yana kwantar da kai, amma wani lokaci yakan taɓa jiki. Wani hannunsa ya ɗauki rawa, wani wuyansa ya sandare, wani ya kasa zama wuri ɗaya. Majinyata kan ɓoye don kunya, shi ne ta ɓullo da dabarar kofi.

Ƙanena Auta mai aski ne. Da aka ɗora shi kan magani muryoyin suka yi shiru, sai dai hannunsa ya fara karkarwa, har ya yanki wani a kunne. Masu zuwa aski suka watse. Ya ja ni gefe ya ce, "Yaya, ko magani ko aski, ɗaya zan bari." Ni kuwa na san yadda yake in babu magani.

Ranar allura, Inna ta yi masa huɗuba tun daga gida: "Ka zuba hannuwan nan a aljihu. In suka gani za su ce ciwon ya dawo, su kwantar da kai."

Da muka isa asibiti, Sista ta miƙo wa Auta kofi. "Riƙe min, ɗana."

Inna ta yi caraf ta ce, "Kawo in riƙe miki."

"A'a Inna, ke kin riƙe shi tun yana goye, yau ki huta."

Auta ya karɓa, rabin ruwan ya ƙare a kan takalminta. Ta ce, "Madalla, dama yana neman wanki." Sannan ta dafa kafaɗar Inna. "Wannan ba ciwon ba ne, maganin ne bai karɓe shi ba, kuma akwai gyara." Da kanta ta raka shi wurin likita, aka canza masa wani a hankali. Ta ja masa kunne kada ya kuskura ya daina da kansa.

Hannu ya natsu, amma shago shiru. Wata ranar hutu sai ga Sista ta taso maigidanta a gaba har shagon Auta. Yana cewa, "Ni fa ban ce ina son aski ba," tana cewa, "Ni na ce." Bawan Allah ya zauna, ya runtse ido, ya ce, "Ɗana, kunnuwan nan biyu kaɗai gare ni." Da aka gama, ya daɗe a gaban madubi yana shafa ƙeya. Sista kuwa ta bi da shi layin shagunan kaf, duk wanda suka gaisa da shi sai ya ji inda aka yi askin.

Sista, ke ce mai duban hannun da ake ɓoyewa. Ke ce kika san lafiyar kai ba ta cika sai mutum ya iya riƙe sana'arsa. Mun gode, Allah ya sa ki huta lafiya. Ku da ke jinyar irin waɗannan bayin Allah, ku yi koyi da ita: in kun tambayi kai, ku duba hannu da tafiya. Mu kuma 'yan uwa, mu daina ɓoyewa.

Auta yana kan maganinsa, yana kan askinsa. Jiya na je shagon na tarar da layi, na ce ni yayansa ne, ina sauri. Ko ɗagowa bai yi ba, ya nuna min ƙarshen benci.