Yadda Muka Kai Bashir Gwaji a Kwance

Jiya da safe mu huɗu muka sauko da Bashir daga hawa na biyar a kan katifa, alhali lafiyarsa ƙalau.

Abokin zamana ne a unguwar Hayyin Ashir, ɗan ƙwallon kwando. An kira shi gwaji a unguwar Ma'adi, inda ake auna tsawo da gudu da tsalle, wanda ya fi maki shi ƙungiyoyi ke fara ɗauka. Wani ya ce masa tsayuwa na rage tsawon mutum, sai ya rantse ba zai taka ƙasa ba sai gaban ma'auni.

A tasi ma a kwance ya tafi, ƙafafunsa na leƙe ta taga.

Tsawo kam ya ƙaru da santimita ɗaya. Amma da aka zo tsalle, ƙafafun sun sage.

Mai gwajin ya ce, "Yalla, maza yi tsalle."

Bashir ya ce, "Ai na yi."

"Ma'alish, yi haƙuri, ban gani ba."

Sunansa ya koma ƙasan jeri. Wallahi tausayinsa nake ji. Jama'a, yaya ake lallashin mutum ba tare da dariya ta ƙwace ba?