Shirun da ke Tsakiyar Guguwa

Sautin gajere ne, ko tsawon Fatiha bai kai ba. 'Yata ta fari ce ta kunna shi a wayarta muna kan abincin rana, a shiƙƙar, wato sashen bene, da muke haya a unguwar Zahir, nan garin Ɗakin Allah. Iska ce take huci, sai ta ɗauke cak, sai ta dawo. A cikin hucin kuma akwai wani ƙis, ƙis, ƙis, kamar ana taɓa ƙaramin ƙarfe da farce. Na ajiye lomar shinkafar da ke hannuna.

"Abuya, ka ji? Guguwa ce a duniyar Mirrikh," in ji ta, rabi Hausa rabi Larabci, don Hausarta ko cinikin tumatir ba za ta yi ba, ko baba ma Abuya take cewa. Ta ce wata na'ura ce mai taya shida, girman mota, aka tura can wannan duniyar ta cikin taurari tana yawo ita kaɗai cikin jan yashi. Guguwa ta bi ta kanta, ita kuma ta naɗi sautin ta aiko.

Ni a aji shida na bar makaranta, tasi nake tuƙawa, ba ruwana da taurari. Amma kai mai karatu, wannan sautin na san shi. Na ji shi a unguwar Ka'akiyya ina yaro, hannuna riƙe da hannun kakata.

Ka'akiyyar lokacin ba wannan da ka sani ba ce. Gidajen bulo ne da kwano, sai awaki masu cin kwali, sai baƙaƙen duwatsu, sai wani fili bayan gidanmu da ko ciyawa ba ta fitowa a cikinsa. Idan zafi ya kai zafi, bayan azahar ƙasa takan yi warin ƙarfen da aka bari a wuta. A lokacin guguwa take tashi, ta kwashi leda da takardu ta miƙe tsaye kamar mutum. Kowace uwa sai ta ja ɗanta ciki tana a'uziyya. Kaka kuwa sai ta lalubi mayafinta ta fita.

Da ƙafa suka zo ƙasar nan daga ƙasar Hausa, ita da mijinta da surukarta da 'yarta ta fari. A kan hanya akan ɗaura wa ƙananan yara 'yan ƙarafa a idon sawu, don uwa ta riƙa jin motsin ɗanta cikin ayari ba sai ta waiwaya ba. Ka san kuma a wajenmu mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta ko nuna ta san da shi, balle a gaban uwar miji. A wani daji na Sudan, ayari ya tsaya hutawa, yarinyar ta bi wata akuya ta yi nisa. Kaka ta hango guguwa ta taso ta bayanta. Surukarta na zaune kusa da ita tana gyangyaɗi. Sunan ya zo har kan harshenta, kunya ta danne shi. Abin da ya fita daga bakinta shi ne, "Ke. Ke." A ayarin nan kuwa 'yan mata nawa ne ake ce wa ke? Bayan guguwar ta wuce, ƙura ta rufe sama har faɗuwar rana. Da gari ya washe ba a sami ko sawu ba.

"Da na kira ta, da ta juyo," in ji Kaka. Kullum a nan labarin yake tsayawa.

Babana a gonar auduga aka haife shi can Sudan bayan haka. Ubansa da kakarsa duk sun rasu kafin a haye teku, don haka bai taɓa jin sunan yayarsa ba. Kaka "wadda ta riga ka" kawai take cewa. Shi kuma bai tambaya ba, haushi ya hana shi. Dako yake yi a kasuwa, yana fama a gyara mana takardun zama, ga maƙwabta suna raɗa wai tsohuwar Takari, yadda suke kiran irinmu, tana gaisawa da aljanu.

"Inna, so kike a ce mu matsafa ne, a gaban Ɗakin Allah?"

"Ni saurare nake yi, ɗan nan. Saurare ma tsafi ne?"

Ya sayo kwaɗo ya sa wa ƙofa. Da azahar sai a kulle ta kamar akuya. Har yau idan na tuna yadda take kafa kunne a jikin kwanon ƙofar nan, mai zafi kamar tanda, sai in ji ba na son kowa.

Ranar da abin ya faru lokacin aikin hajji ne. Baba yana can wajen alhazai, mahaifiyata ta fita ɗibar ruwa a tanka ta bar kwaɗon a buɗe. Idon Kaka ya riga ya yi rauni. Ta ce, "Angona, tashi ka raka amaryarka. Wane irin miji ne kai, sai barci?" Na riƙe tsintsiyar hannunta, wajen da warwaronta suke, muka fita fili.

Ba mu daɗe ba guguwa ta taso daga gindin dutse. Na so in gudu, Kaka ta damƙe ni. Yashi ya mare mu, ya shiga hanci, ya shiga kunne, na runtse ido. Sai komai ya ɗauke. Wallahi shiru ne irin wanda ban sake ji ba, ko a maƙabarta. A bakin shirun nan na ji shi, ƙis, ƙis, ƙis, kusa da ni, kamar ƙaramar yarinya tana takowa. Kaka ta buɗe baki ta kira sunan. Sau ɗaya, da ƙarfi, da wata murya ta mace mai ƙuruciya da ban san tana da ita ba. Sai iskar ta dawo ta wuce.

"Ka ji ta?"

"Na ji, Kaka."

"To ita ma ta ji ni." Tana murmushi, haƙoranta duk yashi.

Da Baba ya dawo ya ji labari, ya zane ni da igiyar dako, ya ce idan na ƙara ɗaga maganar sai ya karya ni. Ban ɗaga ba. Kaka ba ta sake fita fili ba, ko an bar ƙofa a buɗe. Da sanyi ya shigo ta rasu, aka sa ta a kabarin da ba a rubuta suna, kamar kowa a garin nan. Na girma ba ni da ilmi, ba ni da gida nawa, amma ina da abu ɗaya: na san tsohuwar nan ta tafi bayan 'yarta ta amsa mata, kuma ni ne shaida.

Shi ya sa na tambayi 'yata, "Ke, wannan ƙis ƙis ɗin mene ne?"

"Yashi ne, Abuya. Yana dukan ƙarfen na'urar."

Yashi da ƙarfe, a inda ɗan Adam bai taɓa takawa ba. Na tuna warwaron Kaka a ƙarƙashin yatsuna, daidai kunnena. Mutane sun ƙera ƙarfe, sun jefa shi bayan sama, don kawai ya zo har kan tabarmar cin abincina ya ƙwace mini abu ɗayan da nake da shi. Ta ƙara da cewa akwai wata na'urar can da ƙura ta rufe mata faifan hasken rana, aka yi ta fatan guguwa ta zo ta share ta, ba ta zo ba, har ta yi shiru. Na ce ta bar maganar haka.

Baba yana kwance a gindin mukayyif mai sanyaya ɗaki, inda yake yini yanzu da ƙafa ta ƙi. Na ɗauka barci yake.

"Sake sa mini," ya ce.

Ta sake. Ya kafa kunne, ya karkata kai. Sai na ga kan Kaka a jikin ƙofar kwano.

"Akwai nisa wajen nan?"

"Da nisa sosai, Sidi. Wata da watanni ake yi a hanya," in ji ta, don Sidi take ce wa kakanta.

"Da mutane?"

"Babu kowa."

 Ba tare da ya dube ni ba, ya ce mini, "Kai. Ran nan, ta kira ta?"

"Ta kira ta, Baba."

"Da suna?"

Na durƙusa na faɗa masa a kunne. Ya yi ta motsa leɓe yana maimaitawa, kamar yaron da aka biya wa sabuwar aya. Bayan la'asar na ji ya sa sunan cikin addu'a, kusa da na Kaka. Maganar warwaro ban gaya masa ba, kuma ba zan gaya masa ba.

Filin nan yanzu benaye ne. Idan na sauke fasinja a Ka'akiyya nakan duba, ko leda ba ta samun wajen juyawa. Guguwar ta koma can inda babu kowa, sai ƙarfe yana saurare, kuma ba wanda ya sa masa kwaɗo.

Washegari na kai 'yata makaranta. Tun da aka haife ta ban taɓa faɗin sunanta ba, ke nake ce mata, kamar yadda aka yi mini tarbiyya. Ta sauka, ta shiga cikin 'yan mata masu baƙar abaya, duk iri ɗaya, har na kusa rasa wace ce ita. Na sauke gilashi na kira sunanta. Sau ɗaya.

Ta juyo. Nan take ta juyo, kamar yadda Kaka ta ce.