Ƙusar Babur a Motar Surukina

Ni mai sayar da kayan babur ne a bakin Titin Koudoukou, a unguwar Kilomita Biyar ta birnin Bangui. Na faɗi wannan tun farko domin na yi shekaru ina barin mutane suna kirana makanike ban gyara musu ba. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ban taɓa zama a garejin kowa na koyi aiki ba. Abin da nake da shi baki ne, da waya mai nuna bidiyo.

Surukina, mahaifin matata, tsohon direban babbar mota ne da ya koma ciniki. Yana da wata kat-kat, irin motar nan ta shiga daji, da yake kai kaya garin Boda da ita. A daminar da nake magana hanya ta ɓaci, cikin motar yana gogar ƙasa duk inda manyan motoci suka haƙa. Wata rana matata ta ce Baba yana neman wanda zai ɗaga masa motar, a sa mata dogayen sifirin da manyan tayoyi. Na ce don me za a je waje alhali ga ni. Ta kai saƙon. Washegari makulli ya zo a hannunta.

Haka muke da shi. Shekara tara ina auren 'yarsa, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, ban taɓa cin abinci yana wurin ba. In na hango shi a layi, sai in sake layi. Gaisuwa ce kawai a durƙushe, daga nesa kaɗan, sauran magana duk matata ke kaiwa tana kawowa. Matasan unguwa, waɗanda yaren Sango ya fi musu Hausa sauƙi a baki, suna yi mini dariya, ni kuwa ina alfahari da kunyata.

Kwana biyu na yi a bayan shago da jak biyu na aro. A ƙarƙashin gaban motar akwai wata doguwar sandar ƙarfe da ta gitta, kai ɗaya a jikin motar, ɗayan a ƙarfen da ke ɗauke da tayoyin gaba. Ita ke hana tayoyin zamewa hagu da dama, kuma sai an kwance ta sifirin ke shiga. Na kwance, na ajiye ƙusarta mai noti a bakin kwata. Da na juya in ɗauki sifana, sai ƙafata ta ture ƙusar. Na ji faɗawarta a ruwa. Kwatar Kilomita Biyar da damina ba wurin sa hannu ba ne ga mai alwala. Na laluba da sanda na ɗan lokaci, na ciro leda da takalmi ɗaya, na haƙura.

Sai na shiga shago na ɗauko ƙusar tayar babur. Tsawonta ya yi, kaurinta ne bai kai ba. Da idona na ga tana wasa a cikin ramin. Na ce wa kaina ai in an ɗaure noti tamau shi ke nan, gobe zan nemo ta gaskiya. Motar ta tashi sama, maƙwabta suka taru suna yabo, wani mai canjin kuɗi har ya ce in ɗaga masa tasa. Ban sake tuna kwata ba.

Bayan mako uku matata ta dawo daga gidansu a unguwar Yakité, ta ce Baba ya ce sitiyari yana rawa. Na ce sabon aiki ne, sai ya zauna. Na karɓi motar na fita da ita bayan gari. Lafiya lau take har gudu ya kai sittin, sai tayar dama ta faɗa wani ɗan rami. Sitiyarin ya ƙwace daga hannuna yana kaɗawa hagu da dama, gaban motar duka yana girgiza, haƙorana suna haɗuwa. Bai daina ba sai da na kusan tsayawa cak. Na sauka na zauna a gefen hanya.

Tun a wurin zaman nan na san inda ciwon yake. Shi ya sa na duba ko'ina ban da nan.

Na fara da iska, na daidaita tayoyin huɗu. Na ƙanƙare busasshiyar jar laka da ta manne a cikin ƙarafan tayoyin, na aika cewa na gano matsalar. Ta sake rawa. Na kai wa mai faci ya ɗora tayoyin a injinsa ya manna musu dalma, na tsaya a kansa ina koya masa aikinsa. Ya ce, "Maigida, tayoyinka ba su da laifi, duba ƙasa." Na ce masa shi dai ya tsaya a kan roba. Na mayar da tayoyin gaba baya, na baya gaba. Na ɗaga ta a jak na kama kowace taya sama da ƙasa na jijjiga, babu wasa. Kowace rana matata tana kai wa mahaifinta sabon mai laifi, yau laka, gobe taya, jibi hanya. Amsarsa ɗaya ce, "To, madalla."

Ana cikin haka ƙanwar matata ta haihu a Boda, mace, kuma aka ce sunan surukata za a sa wa jaririyar. Suna ranar Asabar. Baba zai tuƙa, zai ɗauki surukata da matata da gwaggonninta biyu tun da asuba.

Ranar Laraba na shiga ƙarƙashi ni kaɗai, na haska wurin da waya. Ƙusar ta ci ramin ya zama kamar ƙwai, ga jan garin tsatsa a gefensa. Ko an samo ƙusar gaskiya yanzu ba za ta zauna ba, sai an yi walda. Mai waldar da ya iya irin wannan kuwa abokin Baba ne tun suna hanya. Na fito na karkaɗe riga. Na je na sayo wani ƙarfe mai mai a ciki da ake ɗaura wa sitiyari don ya danne girgiza, na ɗaura. Rawar ta ɓuya har saba'in. Na ce wa kaina Baba tsoho ne, ba ya gudu. Na aika matata ta ce mota ta warke. Wannan shi ne abin da na fi jin nauyinsa, domin ita na aika, kuma tana cikin masu shiga.

Ranar Juma'a da hantsi aka ce Baba yana kira. Na same shi zaune a kujerar direba a tsakar gida, inji a kashe. Matata tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi. Ya ce mata, "Gaya wa mijinki ya shiga ƙarƙashi."

Ta juyo ta ce, "Wai ka shiga ƙarƙashi."

Taku uku ne tsakanina da shi. Na shiga da fararen kayana.

"Gaya masa zan riƙa juya sitiyari kaɗan-kaɗan. Ya sa hannu a kan kowace gaɓa. Wadda ta motsa ita kaɗai, ita muke nema."

Kafin ta maimaita sai miyarta ta fara kamu, ta ruga ciki. Muka rage mu biyu, ba ya ganina, ba na ganinsa. Ya fara juyawa.

"Ta hagu?" Karo na farko ke nan da ya tambaye ni wani abu kai tsaye.

"Lafiya, Baba."

"Ta dama?"

"Lafiya."

"Sandar da ta gitta fa?"

Na ɗora hannu. Duk juyi ɗaya sai kan sandar ya zame ya bugi ƙusar, ƙwal, ya dawo, ƙwal. Ko kajin gidan suna ji. Na ce, "Lafiya lau, Baba."

Bai daina juyawa ba. Ƙarar tana ta fita a saman goshina. Daga ɗaki na ji surukata tana tambayar matata ko ta sa zannuwan jaririya a jaka, matata tana cewa ta sa, har da hula.

Na ce, "Baba, ƙusar babur ce."

Sitiyarin ya tsaya. "Ta tayar gaba ko ta baya?"

"Ta baya."

"To, ka yi ƙoƙari, ta fi kauri."

Na gaya masa sauran, kwata da ramin da ƙarfen da na ɗaura don ɓoyewa. A kwance a ƙarƙashin mota magana ta fi sauƙin fita. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Tun ranar farko na ji ta a tafin ƙafata. Na ji nauyin in aiki 'yata ta gaya wa mijinta bai iya ba, sai na zauna ina jira ka faɗa. Ni ma ban kyauta ba. Fito, Malam, kayanka sun ɓaci."

Muka je wurin mai walda, muka tarar ya rufe don masallaci, da ya dawo kuma babu wuta. Ya ce ko ta zo, sai ya toshe ramin ya huda sabo, ba zai gama ba sai Asabar da yamma. Tafiyar asuba ta fasu. Za a raɗa wa yarinya suna takwararta tana Bangui.

Da muka dawo Yakité na nemi matata da ido don ta kai labarin ciki. Baba ya ce, yana kallon bango, "Wannan saƙon ba 'yata za ta kai ba."

Na cire takalmi na durƙusa a ƙofar ɗakin surukata, labule a tsakaninmu, na faɗi abin da na yi daga farko. Ina jin motsin awarwaronta.

Can ta ce, "Allah ya kiyaye gaba. Tashi ka sauko mini da kayana daga mota, akwai dambun nama a ciki, kada rana ta ɓata shi."