Barcin da Kakata Ta Roƙa wa Mugu

Ina da shekara takwas, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, muna zaune a wani ɗan ƙauye na yankin Kutawa. Gidajen Kirista huɗu ne kawai a cikinsa, namu ne na ƙarshe, daga shi sai rafi. Da an ci tuwo, kafin duhu ya gama sauka, kakata Ladi takan hura wutar kara a tsakar gida, ta zuba mana gyaɗa a toka. Hayaƙin yakan miƙe a hankali ya ratsa ganyen tsamiya, har yau in na rufe ido ina jin ƙamshinsa. Ni ce mai zama jikin ƙafarta. Ƙawata take kirana, ko da yake ƙawancen bai taɓa hana ta cinye mini rabin gyaɗata ba.

Shekarar nan gidanmu ba lafiya. Babanmu Tanko da ya karɓi bangaskiya ya tone tukunyar kafi da kakanmu ya binne a ƙofar gida, wadda ake cewa ita ke tsare dangi daga sharri. Ba a yi wata uku ba ƙyanda ta kashe ɗan Baba Jatau, yayansa da ke zaune hayin rafi. Jatau ɗan tauri ne, ga giya, ga zuciya. Ya ce tonon kafin nan ne ya ci masa ɗa. Maƙwabcinmu Malam Iro, mai sayen hatsi, shi ya dawo daga kasuwar Kurfi ya ja Baba gefe ya ce, "Ka kula hwa. Yayanka ya rantse gaban jama'a sai ya sa ma rumbunka wuta." Abincinmu na shekara duka yana cikin rumbun nan.

Daga ranar Baba ya sauko da kwari da baka daga rataye. Kullum da yamma sai ya je ya zauna bayan zana yana fuskantar rumbu. Shi da Jatau kuwa kakata ce ta haife su.

Duk da haka ba ta fasa tatsuniya ba. Takan buɗe da cewa, "Ku matso, ga wata nan tahe a ƙasa." Mu kuma mu ce, "A shimfiɗa mata tabarma." A kwanakin nan guda ɗaya ta riƙa maimaita mana, har na yi mata tsiya cewa jakarta ta huje.

Wai a wani gari an yi wani mutum mai takobi da ba ya barci, shi ya sa yake yawo yana sare mutane. Aka gina ganuwa, ya haura. Aka jera ƙaya, ya taka. Sai wata tsohuwa mai kaɗi ta durƙusa ta kai ƙara wurin Allah. Allah bai aiko tsawa ba, sai ya aiko Barci. Ita Barci, in ji kakata, 'yar siririyar mace ce mai tafiya ba ƙarar sawu, tana riƙe da ɗan ƙoƙon man shanu. Ta iske shi gindin kuka yana wasa takobi, ta lakaci man ta shafa masa a fatar ido. Ya yi damina bakwai yana kwance. Kabewa ta yaɗu ta nannaɗe takobin, kurciya ta yi ƙwai a hularsa, yara suna wasa a kan cikinsa. Ran da ya farka ya nemi wanda yake fushi da shi a ransa, ya rasa. Ya ce a taimake shi da ruwan sha.

Daga nan sai ta sa mu rufe ido. Ba ta iya karatu ba, addu'arta tata ce. "Ya Uba, ga mu, ba mu da kafi sai kai. Ka tsare mu daga mai mugun hannu da mai mugun nufi. Ka ba mugu barci mai daɗi, shi kwanta shi manta. Cikin sunan Yesu." Mu ce amin.

Ni addu'ar nan haushi take ba ni. Tsoro nake ji, kuma so nake Allah ya karya wa Baba Jatau ƙafa. Na faɗa mata haka. Ta tura kara cikin wuta ta ce, "Ƙawata, in ƙafar ta karye, wa za ya yi jinya? Ni ce dai."

Wata safiya na fito zan zubar da toka, sai na gan ta tsaye bakin rumbu ta ɗora yatsa a leɓe. Baba Jatau ne kwance a ƙarƙashin rumbun yana minshari, warin giya na tashi, kusa da hannunsa ga kasko da garwashin da ya mutu. Taku goma daga nan, a bayan zana, Babanmu ya jingina da dirka, baka a cinya, shi ma barci yake har da sakin baki. Kakata ta kwance mayafinta ta lulluɓe Jatau. Ta zagaya ta zare kwarin daga kafaɗar Baba ta shige ɗaki da shi. Ranar an hana daka a gidan, har kaji sai da aka kora bayan gida.

Hantsi ya yi kafin Jatau ya farka. Ya dubi mayafin, ya dubi uwarsa da ke zaune tana kaɗi. Ta tura masa kunu da ludayi, ya sha, ya ɗauki kaskonsa ya haye rafi. Bai zama Kirista ba har ya mutu, bai kuma sake gaisawa da Baba da fara'a ba, amma rumbunmu bai ƙone ba.

Shekaru na yi ina ba da labarin nan a matsayin yadda Allah ya tsare mu daga Baba Jatau. Sai da na yi aure a Dutsin-Ma, Baba ya tsufa ya kwanta ciwo ina jinyarsa, sannan ya gaya mini abin da ban sani ba. Ya ce kiban nan da dafi a bakinsu, shi da hannunsa ya shafa, kuma ya riga ya yanke a ransa cewa ba ƙafa zai nufa ba. Mutumin da ke gaba wajen waƙa ran Lahadi ke nan. Ya ce bayan kwana biyu ya je yana ba kakata haƙuri don ya yi barci a bakin gadi. Ta dube shi ta ce, "Tanko, ni mugu na roƙa ma barci. Ban gaya ma Allah ko wanne ba."

Na zauna riƙe da kwanon kununsa, ina tuna dararen da nake rufe ido ina cewa amin da ƙarfi, ina hango mugun can hayin rafi. Ashe a duk dararen nan tsohuwar ta san 'ya'yanta biyu take roƙa wa, kuma ɗayan yana bayan zana yana jin muryarta.